Gorar da Yaya Bantek Ya Kafa

Yayana Kho Bantek bai taɓa mallakar jirgi ba, ko kwalekwalen kirki bai ajiye ba, amma duk jirgin da ya shigo garinmu Lokkang a zamaninsa sai da ƙafarsa ta fara taka masa hanya. Aikinsa kafa gora. Bakin tekunmu laka ce shimfiɗe har iyakar gani, a tsakiyarta akwai hanyar ruwa guda mai zurfi, karkatacciya, wadda ba ta zama wuri ɗaya. Kowace damina kogi zai kwaso ƙasa daga kan duwatsu ya toshe nan ya buɗe can. Idan ruwa ya janye sai Yaya ya naɗe wando ya shiga, yana lalube da tafin ƙafa, inda ya ji gefen hanya ya kafa doguwar gora, ya bar mata ganyenta a ka don a hango ta daga nesa. Matuƙin jirgi ya sa gorar a hannunsa na hagu ya yi ta bi har ya iso. Babanmu ma aikin da ya yi ke nan, shi ya gadar wa Yaya tsagaggun dugadugai da rashin son magana.

Ƙungiyar fataken garin ce ke ciyar da shi, kuma a lokacin ba ta jin nauyin hakan. Jiragen katako suna zuwa daga Cuanciu ta tsallaken teku da iskar kudu, ɗauke da yadi da magani da takarda, su koma da shinkafa da sukari. A cikin kowane jirgi akwai duwatsu da ake zubawa don ya yi nauyi, da su aka daɓe lungunanmu, aka yi dokin ƙofofinmu. Waɗanda suka yi yawa kuwa matuƙa suka riƙa zubar da su a wuri ɗaya, arewa da hanyar ruwa, tun zamanin kakanni, har suka zama tsibi a ƙarƙashin ruwa. Muna kiran wurin Tarin Dutse. Babanmu da idonsa ya ga jirgin da ya hau shi ya tsage biyu, kuma ba duka mutanen ciki aka tsamo ba.

Babban titin kasuwa rufe yake da rufin katako daga wannan kai zuwa wancan. Ina yarinya, idan na shiga da tukunyar taliya sai na ɗora ta a ka, don ba inda zan raɓa da ita a hannu.

A ɗaya daga cikin jiragen nan aka kawo wa Yaya mata. Lian-ti sunanta, 'yar tsallaken teku, ɗiyar kawun wani matuƙi da ake kira Ng Tiong-hai. Ƙafafunta ƙanana ne, ɗaurarru tun tana yarinya bisa al'ada, tafiya daga ɗaki zuwa rijiya aiki ce a wurinta, amma bakinta ba wanda ya ɗaure. Ranar da ta fara ɗanɗana miyata ta ce mini, “Kimki, gishirin garinku kyauta ne?” Na yi wata ban gaishe ta da kyau ba. Daga baya na gane haka take da kowa, kuma wanda take so shi ta fi tsangwama. Yaya ya fi kowa shan tsangwamar. Ya dawo da laka har gwiwa, ta tare shi a ƙofa da kaskon ruwan ɗumi tana faɗa tana wanke masa ƙafa, shi kuma yana zaune yana murmushi kamar ana yabonsa. Ɗa ɗaya suka haifa, bai rayu ba. Suka zauna su biyu abinsu.

A shekarar da aka miƙa tsibirinmu ga Japanawa, kafin ma labarin ya iso mana sosai, aka aiko cewa mahaifiyar Lian-ti ba lafiya. Tiong-hai ya ɗauke ta. Na raka su bakin ruwa, na ji abin da ta ce wa Yaya tana shiga kwalekwale.

“Da iskar baɗi zan dawo. Ka tsai da gorarka daidai, ka ji ko? Kar ka je ka sa a kifar da ni a cikin wannan taɓon naku.”

“To,” in ji Yaya. Iyakar bankwanarsa ke nan.

Baɗi ta zo ba ta dawo ba, tsohuwar ta ƙi warkewa ta ƙi tafiya. Da ta rasu aka shiga makoki. Kafin makoki ya ƙare tekun da muke ƙetarewa kamar mai shiga gidan maƙwabci ta zama iyakar ƙasa. Mu da muka zauna aka rubuta mu mutanen Japan, ita da ke can aka bar ta mutumiyar wancan sarki, wai sai da takarda mai hatimi za ta koma ɗakin mijinta. Wani ya ba da shawara ta bi ta arewa a jirgin hayaƙi. Aka kawo mana amsarta baki da baki, cewa ba za ta shiga tukunyar ƙarfe da maza baƙi ba, jirgin ɗan'uwanta ya kai ta shi zai dawo da ita. Ɗan'uwan kuwa ya daina zuwa, don tafiyar ba ta fitar da shi.

A rumfar taliyata mazan da suka rasa aikin yi suka riƙa taruwa suna gardamar abin da ya kashe garin. Kowa da nasa mai laifin. Wani ya ce laka, wani ya ce kuɗin fiton da aka ɗora wa kayan tsallake har yadin Cuanciu ya fi wanda ake kawowa daga Japan tsada. Wani tsohon ɗan dako ba ya wuce maganar jirgin ƙasa, wanda aka shimfiɗa wa hanya can cikin ƙasa aka bar mu a gefe, shinkafar da a dā take sauka a kafaɗarsa yanzu tana wucewa arewa ba ta ko leƙo mu. Ni dai ina zuba romo ina jin su. Laka tsohon ciwonmu ce, da ita aka haife mu, kuma muna lallaɓa ta muna ci. Abin da na gani da idona shi ne manyan gidaje suna ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya suna komawa tsallake, suna sa kwaɗo a ƙofa. Da masu kuɗi suka tafi ƙungiyar fatake ta watse, da ta watse ba mai tunanin yashe hanya, su kuma sababbin masu mulki ba su da abin da za su ci a nan. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Ba wanda ya ƙone garin, ba wanda ya harbe shi, juya masa baya kawai aka yi.

Maigidana Si Hok-an a dā shi ke auna yadi a wani babban shago. Mutum ne mai son abu a miƙe, ko takalmansa ba ya ajiyewa a karkace. Da ubangidansa ya rufe shago ya tafi, sai ya bi sauran jama'a cikin laka kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci. A fasa gora gajeru-gajeru a soka a taɓo, kawa ta zo ta manne da ɓawonta ta girma, a ciro a ɓare a sayar. Masu ɗaukar buhu, masu rubutu, masu ɗinka filafilan jirgi, kowa ya koma nan. Da gonakin suka yi yawa aka fara rikicin iyaka, sai kowa ya riƙa kafa dogayen gora a gefen nasa, da ganye a ka, don ko ruwa ya rufe a san na wane ne. Ba wanda ya taɓa ganin wata alama a cikin teku sai irin ta Yaya, ita suka kwaikwaya. Layin maigidana ya fi na kowa kyau, ya miƙe sak kamar an ja zare, daga can cikin teku har ya dangana da Tarin Dutse.

Yaya bai daina nasa ba. Ba mai ciyar da shi, ni nake aika masa da abinci, amma kowace damina ta wuce sai ya shiga ya lalubi hanya ya kafa. Jiragen da suka rage 'yan kaɗan ne, kuma can nesa suke tsayawa a sauke musu kaya da ƙananan kwalekwale, ba mai bin gorarsa. Wata rana ya zo rumfa ya tarar da maigidana yana cin abinci.

“Hok-an, ku sare ganyen gorarku,” in ji shi.

“Saboda me, Yaya?”

“Jirgi zai ruɗe.”

Maigidana ya ajiye tsinkayen cin abinci ya duba hagu ya duba dama. “Wane jirgin? Ko akwai wanda ya shigo jiya ina barci?”

Rumfa ta fashe da dariya. Tsohon ɗan dakon nan ya ce, “Bantek, kai kaɗai ka rage kana share ƙofar gidan da ba kowa a ciki. Zo ka kama gona mana, ga laka nan ba mai hana ka.”

 Yaya ya sha romonsa ya tashi. Na bi shi waje raina a ɓace, na ce, “Yaya, mutane suna maka dariya. Wai don garin nan kake wahalar da kanka? Garin da masu shi suka gudu?”

Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai kawai ya ce, “Miyar ta yi gishiri.” Ya wuce.

Saƙo kuwa bai daina zuwa ba. Kusan kowace shekara wani masunci zai ce ya haɗu da mutanen Tiong-hai, sun ce bana za a zo da Lian-ti, an samu takarda, saura kaya. Iskar kudu ta taso ta kwanta ba jirgi. Saboda haka da aka sake cewa Tiong-hai yana tafe, wai zai kwashi tulunan ƙasusuwan iyayen attajiran da suka ƙaura ya kai musu, ba wanda ya ɗaga kai. Na ce a raina, yanzu matattu ne kaɗai kayan da Lokkang ke fitarwa. Shi kansa Yaya bai ƙara tayar da maganar ganye ba, ina jin ya gaji da a yi masa dariya.

Ranar da abin ya faru da la'asar ne, ruwa ya cika maƙil, iska tana busowa da ƙarfi daga kudu. Ina wanke kwanuka na ji mata suna kiran juna a kan ganuwar bakin ruwa. Na fita na hango filafilai masu launin ƙasa, manya, irin waɗanda na yi shekaru ban ga sun matso kusa haka ba. Jirgin bai tsaya inda sauran ke tsayawa ba. Tiong-hai tsohon matuƙi ne, yadda ya saba shigowa haka ya nufo, da ƙarfinsa.

Sai a lokacin na ga tekun da idon baƙo. Ruwa ya rufe komai, ba abin da ke tsaye sai gora mai ganye, nan da can da ko'ina. Ta Yaya tana ciki, tana lanƙwasa tana komowa yadda hanyar take. A gefenta ga ta maigidana, sababbi, kore shar, a jere. Ko ni ce ke riƙe da jirgin ita zan bi.

Ita ya bi. Ya sa ta a hannun hagu kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, ya miƙo.

Maigidana yana tsaye kusa da ni. Na ji ya ce a hankali, “Kimki, Tarin Dutse.” Fuskarsa ta yi fari fat.

Yaya ya riga kowa ganewa. Ya diro daga ganuwa ya faɗa ruwa, ya tuɓe riga yana kaɗa ta a sama, yana ihu, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Iska ta kwashe ihun ta maido mana. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji, yana ta kutsawa, jirgin kuwa yana can nesa ba ya ko ganinsa. Wasu suka ruga ɗakin bautar Uwar Teku suka hau dukan ƙararrawa, su na cikin jirgin ashe sun ɗauka maraba ake musu. Ni ban iya komai ba. Na riƙe hannun maigidana har farcena ya shiga namansa, ina kallon jirgin yana cin layin gora ɗaya bayan ɗaya, ina tuna abin da Babanmu ya gani.

Sai jirgin ya fara nauyi. Filafilan suna cike da iska amma tafiyar tana raguwa. Muka ji ƙarar gajerun gorar kawa suna kakkaryewa a ƙarƙashinsa, ƙas-ƙas-ƙas, ya ɗan ƙara matsawa, ya ɗaga hanci, ya zauna. Ya karkata kaɗan gefe guda kamar tsohuwa ta samu tabarma, ya tsaya cak. Tsakaninsa da Tarin Dutse akwai sauran tafiya mai kyau. A zamanin Babanmu wurin nan yana da zurfin da zai kai shi har kan duwatsun. Shekarun da ba wanda ya yashe komai sun cika shi da laka mai laushi, ba jirgin da zai iya wucewa ko da ya so.

Na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Kusa da ni tsohon ɗan dakon nan yana dariya hawaye na zuba, yana cewa, “To, masu zagin laka, sai ku je ku ba ta haƙuri.” Maigidana ya buɗe baki zai yi maganar gonarsa da aka murƙushe, na dube shi sau ɗaya, ya rufe.

Aka jira ruwa ya janye. Kafin rana ta faɗi jirgin yana zaune a kan laka, ba ruwa a ƙarƙashinsa, mutane suna zagaya shi da ƙafa. Mun san idan Lian-ti tana ciki ba za ta iya taka taɓo ba, don haka maigidana da kansa ya ɗaura bajimin sa a amalanken kwasar kawa, ya shimfiɗa buhu, muka tafi. Yaya yana gaba, ba riga, laka har wuya. Tiong-hai ya leƙo daga sama yana ta faɗa.

“Bantek, kai ne ka haukace ko ni? Hanya nawa gare ku yanzu a garin nan?”

Yaya bai ji shi ba. Ana sauko da wata mata a cikin kwandon kaya, da igiya. Kanta ya yi furfura, ta rame, tana rungume da ƙullin tufafi. Kwandon ya sauka a kan amalanke. Ta dube shi daga sama har ƙasa, shi ma ya tsaya yana kallonta.

“Abu ɗaya na ce ka yi,” in ji ta. “Abu ɗaya.”

“Tawa tana can,” in ji Yaya, yana nuna kudu. “Tana daidai.”

Ta juya ta kalli inda ya nuna, ta ga karkataccen layin yana tafiya har bakin gari, ba gora ɗaya da ta faɗi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta cire mayafin wuyanta ta miƙa masa. “Goge fuskarka. Kamar ba ka da kowa.” Ta juya ta hau gyara ƙullinta.

A bakin ruwa ma'aikacin karɓar kuɗin fito na Japanawa yana jira a kan busasshiyar ƙasa. Ya karɓi takardarta ya juya ta gaba da baya, sai ya buga hatimi ya miƙa mata ya koma kan maganar jirgin. Muka shiga gari da ita a kan amalanken, tana warin kawa, ta babban titi. Rufin ya ɓule a wurare, haske yana saukowa a kan ƙofofi masu kwaɗo. Tana kiran sunayen shaguna, Yaya yana amsawa, wannan ya koma tsallake, wannan ya rasu, wannan yana can arewa wajen jirgin ƙasa. Can sai ta taɓo ni.

“Kimki, da na hango gorar nan da yawa daga cikin teku, murna na yi. Na ce ashe ƙarya ake mini, garin ya bunƙasa har hanya ɗaya ba ta isar jirage.”

 Na ce ta zo ta ci taliya. Ta ci, ta ce gishirin bai ragu ba, na ji kamar in rungume ta.

Jirgin bai tashi ba sai da babban ruwan tsakiyar wata ya zo, aka ja shi da igiyoyi. Yaya ne ya fitar da shi, yana tsaye a hanci yana nuna hanya, tulunan ƙasusuwa jere a ciki. Tiong-hai ya ce ba zai ƙara zuwa ba, kuma bai ƙara ba. Maigidana ya shiga da adda ya sare ganyen gorarsa tas, sauran ma suka bi, yanzu da ba sauran amfani.

Yaya ya rayu shekaru masu dama bayan haka, yana kiwon kawa, ana masa faɗa ana wanke masa ƙafa. Amma abin da na fi tunawa shi ne safiyar da ta biyo bayan fitar jirgin. Na fito buɗe rumfa na tarar da shi a ƙofarmu da ɗaurin dogayen gora a kafaɗa, jiƙaƙƙu, gindinsu baƙi da laka. Ya sauke su gaban maigidana.

“Ga su, ka fasa. Ka gyara inda jirgi ya karya maka.”

Na gane su. Na ce, “Yaya, ka cire su? To hanyar fa? Idan wani jirgin ya zo?”

Ya goge hannu a wando, ya waiwaya wajen gidansa inda hayaƙi ke tashi daga madafa.

“Ai ta iso,” in ji shi. Ya tafi karin kumallo.